Baƙar Fata Da Gwanintar Tallan Sutura

Duk wanda ya taɓa kallon hawan Sallah a fadar Mai Martaba Sarkin Fika da ke Potiskum ya san sa riga daban, iya ta daban. Sai ka ga dattijo ya naɗe hannun babbar riga bisa kafaɗa, ya yi taku uku, aikin da ke ƙirjinta ya fito fes. Wani kuwa tasa ta fi tsada, amma kamar an rataye ta a ƙusa. Wannan iyawar ce masu tallan sutura suka mayar sana'a, kuma sana'a ce da nake ganin girmanta.

Akwai wata yarinya a unguwarmu, baƙa mai sheƙi, da wata tela ke ba ta sabon ɗinki ta sa, a ɗauki hoto da bidiyo a ɗora a WhatsApp. Na zauna na kalle ta tana aiki, na sha mamaki. Kafaɗunta a buɗe, wuyanta a miƙe, idonta a kan abu ɗaya can nesa. Ƙafa na sauka gaban ƙafa kamar mai bin zare. Idan doguwar riga ce, takan ɗan ture bakinta da yatsun ƙafa kafin ta taka, don kada ta harɗe ta. Leshi mai nauyi a hankali take tafiya da shi, duwatsun su samu damar walƙiya. Yadi mai sulɓi kuwa sai ta ƙara sauri iska ta shige shi. In ta kai ƙarshe ta tsaya, ta jingina nauyinta a ƙafa ɗaya, ta juya mai saye ya ga bayan ɗinkin. Ba ta yawan fara'a, domin so take ido ya sauka a kan rigar. Da na tambaye ta inda ta koyi tsayuwar, sai ta ce, "Kawu, wadda ta saba ɗaukar ruwa a ka ai ba a koya mata miƙe wuya."

Baƙar fata tana da nata ilimin haske. Kyamarar waya in ta haɗu da farar shadda sai ta bi farin, fuska ta dushe. Shi ya sa yarinyar ke jiran bayan la'asar, ta tsaya a inuwa tana fuskantar sarari, ƙanwarta ta riƙe farin zani a gefe yana maido mata haske. Hodar da ta fi fatarta fari ba ta kusantarta, don fuska kan koma kamar an barbaɗa toka. Matsalar samun hodar da ta dace da fata ta daɗe tana damun baƙaƙe har a Turai, shi ya sa aka yi ta murna a 2017 da kamfanin Fenty Beauty na Rihanna ya fito da launi 40 na kwalliyar fuska.

Gasa ce ta buɗe wa da yawa ƙofa. Oluchi Onweagba daga Legas ta lashe Face of Africa a 1998, ta samu kwantiragi da kamfanin Elite. Agbani Darego ta zama sarauniyar kyau ta duniya a 2001. Mayowa Nicholas ta fito ne daga gasar Elite Model Look ta Najeriya a 2014. Anok Yai, mai asali da Sudan ta Kudu, baƙa wuluk, ita ta buɗe bikin nuna kayan Prada a 2018, abin da baƙar mace ba ta yi ba tun Naomi Campbell a 1997. A gida ma, daga 1 ga Oktoban 2022 hukumar kula da tallace-tallace ta hana amfani da 'yan ƙasar waje a tallan da ake yi wa 'yan Najeriya.

Na san abin da ke zuciyar iyaye, ni ma uba ne. Shatu Garko 'yar Kano ta lashe gasar sarauniyar kyau ta Najeriya a Disamban 2021 da lulluɓinta, tana da shekara 18, aka yi ta ce-ce-ku-ce a Arewa. Halima Aden, Basomaliyar Amurka, ta kai ƙololuwa da hijabinta, amma a 2020 ta ajiye aikin da ta ga yana taɓa addininta. Duka biyun sun nuna mace na iya gindaya sharaɗinta. Abaya, atamfa da mayafi ma suna buƙatar mai tallata su, kuma kasuwarsu a nan take.

Abin da ke min ciwo shi ne man bilicin da ke cinye fatar 'ya'yanmu, har hukumar NAFDAC ta ayyana dokar ta-ɓaci a kansa a 2023. Teloli da masu shagunan Potiskum, idan za ku ɗauki hoton sabon ɗinki, ku daina neman fara kaɗai. Ku kira baƙar yarinyar nan da ta iya taku, da yardar iyayenta, ku biya ta haƙƙinta cikakke.