Kuɗin Gwanjo da Darajar Aikin Hannu

Duk wanda ya taɓa kai sa kasuwar Batsari ya san yadda a ke yanka wa dabba kuɗi. Dillali ya kan duba haƙora, ya shafa tozo, ya sa a kora san ya ga tafiyarsa, sa'an nan a taya. Mai sa ya ce albarka, a ƙara, har ya sallama, dillali ya karɓi la'adarsa. A nan abin da ido ya gani shi a ke saye. Amma akwai wata kasuwa a Turai da Amurka inda a ke gwanjon aikin hannu, watau zane da sassaƙa da ƙira da ginin yumɓu, wadda mudunta dabam ne. Ya kamata mutanen Safana da sauran ƙasar Katsina su san wannan mudu, domin kayan da aka tono daga ƙasarsu suna cikin abin da a ke buga wa guduma a can.

Ga misali. An yi wani maƙeri a Amurka wai shi David Smith, an haife shi cikin 1906, ya rasu cikin 1965. Ya yi aiki a ma'aikatar motoci, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu kuma ya yi walda a inda a ke ƙera kawunan jirgin ƙasa da tankokin yaƙi. Amma abin da ya yi suna da shi, shi ne haɗa ƙarafa domin kallo kurum. A ƙarshen ransa ya yi waɗansu guda 28 da ya kira Cubi, akwatuna da sanduna na farin ƙarfe marar tsatsa, an ɗora wannan bisa wancan kamar za su faɗi, ga su kuwa a kafe. Cikin 2005 kamfanin gwanjo na Sotheby's a birnin New York ya sayar da na 28 a kan dalar Amurka miliyan 23.8.

To, me aka saya da wannan dukiya? Ba ƙarfe ba ne, gama ɗan gwangwan ba zai ba da ko kuɗin mota a kansa ba. Masu ƙimanta irin wannan kaya abu huɗu su ke dubawa. Na fari, sunan mai aikin. Na biyu, takardun da ke nuna hannuwan da abin ya bi tun daga maƙera. Na uku, ƙarancinsa, domin mai aikin ya rasu, yawancin 'yan'uwan abin kuwa suna gidajen ajiya inda ba a sayarwa. Na huɗu, lafiyarsa, ko ya taɓa karyewa an gyara. Mai karatu ya lura, kyaun aikin ba ya cikin lissafi sai ta bayan suna.

Yanzu a auna mutum-mutumin yumɓu na ƙasarmu da wannan mudu. Tun 1928 masu haƙar kuza suka fara cin karo da su kusa da ƙauyen Nok. Daga baya waɗansu iri biyu suka bayyana a kasuwannin Turai, ana kiransu na Sakkwato da na Katsina, shekarunsu kuwa wajen 2,000. Na Nok ana gane su da ido mai kusurwa uku da huda a tsakiya. Na Sakkwato gira ta sauko ta rufe ido, fuska a murtuke. Na Katsina sau da yawa mutum ne bisa wata tukunya mai kama da tulu, wani a zaune, hannuwa bisa gwiwa, ya yi shiru kamar dattijo mai sauraron shari'a. Wanda ya gina wannan gwani ne ƙwarai. Duk macen da ke ginin tukwane ta san wuyar gasa abu mai kauri a wutar kara ba tare da ya fashe ba, balle a sa wa yumɓu natsuwa irin ta ɗan Adam.

Amma maginin ba shi da suna, kayansa ba su da takarda. Saboda haka mai ƙimantawa ya kan huda gindin abin, ya ɗebi gari kaɗan, a kai ɗakin gwaji a gano lokacin da wuta ta taɓa shi. Wannan takardar gwaji ita ce ta maye gurbin suna. Da mazambata suka gane haka, sai suka riƙa tara tsofaffin ɓaraguzai suna liƙawa, su fid da sura sabuwa daga tsohon yumɓu. Ashe kasuwar da ke sayen shekaru ta koya wa mutane ha'inci.

Ɓarnar da ta fi wannan ita ce ta tono. Cikin shekarun 1990 mutane suka dira wa wurare irin su Kwatarkwashi, yamma da dajin Rugu, da diga da shebur. Aka ɗauki kawuna, aka watsar da gawayi da sakaina da tsabar da ke tare da su, alhali su ne shaidun da ke ba da labari. Ga hujja. Tun daga 2005 masanan Jami'ar Frankfurt ta Jamus, tare da na Nijeriya, suka yi tono a hankali a ƙasar Nok, suka sami ƙonannen gero da wake, suka gane mutanen nan manoma ne, farkonsu kuma ya kai wajen shekara 1,500 kafin haihuwar Annabi Isa. Babu guduma da za ta iya faɗin wannan. Mai tono ya karɓi kuɗin cefane, ya sayar da tarihin garinsu. Rashin sani, kaza ta kwana a kan dami.

Duniya ta farga, ko da ya ke a makare. Cikin 2000 ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya ta sa kayan Nok da Sakkwato da Katsina cikin jerin abin da ta gargaɗi kowa kada ya saya. A wannan shekara kuma aka baje biyu na Nok a gidan Louvre na birnin Paris, aka yi ta ce-ce-ku-ce. Cikin 2002 Faransa ta amsa cewa mallakar Nijeriya ne, aka bar mata su aro na shekara 25.

Hukuncin da ya dace shi ne, kuɗin gwanjo awon sha'awar attajirai ne, ba awon gwaninta ba. Aikin David Smith ya yi tsada domin mutanensa sun kiyaye sunansa da takardunsa. Na magininmu ya rasa asali domin an tono shi a ɓoye. Dokar Nijeriya ta 1979 ta hana cinikin kayan tarihi da fita da su ba da izini ba. Manomin da garmarsa ta ci karo da irin wannan, ba a ce ya girmama gunki ba, shaida ce ta waɗanda suka riga shi noma wurin. Ya bar shi inda ya ke, ya gaya wa mai unguwa, a sanad da hakimi, a kai magana gidan tarihi na Katsina. Abin da aka sallama a wannan kasuwa da wuya ya komo gida.