Kunnen Baƙo da Bakin Mai Waƙa: Tarke a Kan Yadda Aka Karɓi Kundin Funeral for Justice na Mdou Moctar

Gabatarwa

Ranar 3 ga Mayu, 2024, kamfanin Matador na Amurka ya fitar da kundin waƙoƙi mai suna Funeral for Justice, wato jana'izar adalci, na ƙungiyar Mdou Moctar, makaɗan jita na Agadas a Jamhuriyar Nijar. Jaridu da mujallun kiɗa na Turai da Amurka sun yi masa ruwan yabo, kuma da shekara ta zo ƙarshe sunansa ya shiga jerin kundayen da masu sharhi da dama suka zaɓa. Yabon gwani ya zama dole, kuma babu mai kunne biyu da zai saurari wannan aiki ya ce ba gwanaye suka yi shi ba. Sai dai aikin matarki ya wuce ƙirga masu tafi. Wajibi ne ya tambaya: me aka yaba, da wane ma'auni, kuma me aka tsallake? Wannan maƙala za ta bi sawun yabon da aka yi wa kundin, ta nuna wurare uku da ya yi tuntuɓe, sannan ta juyo gida, domin akwai kason laifin da yake namu ne, mu Hausawa maƙwabtan mai waƙar.

Mawaƙin da Tafiyarsa

Mahamadou Souleymane, wanda duniya ta sani da Mdou Moctar, Ba'abzine ne daga yankin jihar Tawa, kuma Agadas ce cibiyar sana'arsa. Ya taso a gidan da ba a maraba da kiɗa, har ya haɗa jitarsa ta farko da hannunsa, da katako da wayoyin keke. Wanda ya ɗauka a matsayin madubi shi ne Abdallah Oumbadougou, ɗaya daga cikin iyayen kiɗan jitar Abzinawa a Nijar. Kundinsa na farko, Anar, a Sakkwato aka naɗe shi a 2008, da na'urar lanƙwasa murya irin wadda waƙoƙin finafinan Hausa suka yi tashe da ita a lokacin. Waƙoƙin sun bi wayoyin hannu da katunan ajiya suna yawo a Sahara, har ɗaya daga cikinsu ta faɗa hannun Christopher Kirkley na kamfanin Sahel Sounds, ya sa ta cikin tarin Music from Saharan Cellphones. Daga nan ƙofa ta buɗe: Ilana a 2019, Afrique Victime a 2021, sai kuma kundin da muke magana a kansa. Ƙungiyar ta mutum huɗu ce: shi kansa a jita da murya, Ahmoudou Madassane a jitar rakiya, Souleymane Ibrahim a ganguna, da Ba'amurke Mikey Coltun a jitar bas, wanda kuma shi ne mai tsara naɗin. Saboda haka a 2024 waɗannan mutane sun riga sun kafu, suna da tarihin da za a iya auna sabon aikinsu da shi.

Tuntuɓe na Farko: Ma'aunin Aro

Duk wanda ya bi sharhunan da ake yi wa Mdou Moctar da Turanci zai yi ta cin karo da sunaye biyu, Jimi Hendrix da Eddie Van Halen. Kwatancin yana da dalili. Hendrix bahago ne, Moctar ma bahago ne, kuma saurin yatsunsa a wuyan jita kan tuna wa mai sauraron kiɗan rok abin da ya saba ji. Amma kwatanci gada ce, ana taka ta ne don a ƙetara. Yawancin masu sharhin sun hau gadar sun zauna. Mawaƙin da kansa ya sha faɗa cewa bai taso da sauraron rok ba, ya san waɗannan mutane ne bayan hannunsa ya riga ya faɗa.

Abin da ke ƙarƙashin wannan amo mai ƙara tsohon gini ne. Akwai takamba, kiɗan da ake yi da tehardent, wani abin kiɗa mai tsirkiya ɗan'uwan molo, tare da ƙwarya. Akwai tende, turmin da mata ke rufe wa fata su kaɗa, ana tafi ana amshi. Akwai kuma assouf, salon jitar da Tinariwen da tsararsu suka raina a zaman gudun hijira na Aljeriya da Libiya. Abin da baƙo ke kira ɓarkewar jita, inda kiɗa ke ta ƙara sauri har ya kai ƙololuwa, duk wanda ya taɓa tsayawa filin biki a Agadas ya san amfaninsa: makaɗi ne ke zuga masu rawa, yana ƙara wuta daidai da yadda fili ya ɗauka. Moctar makaɗin biki ne kafin ya zama makaɗin dandamalin Turai. Wanda ya auna shi da Hendrix kaɗai ya mai da shi reshen wata bishiya, alhali yana da saiwarsa.

Tuntuɓe na Biyu: An Ji Hannu Fiye da Baki

A nazarin waƙar baka ta Hausa, kamar yadda Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya shimfiɗa hanyarsa, ba a raba kiɗa da turke. Ana duba abin da waƙa ta ginu a kai, a duba salon sarrafa harshe, a duba yadda jagora da 'yan amshi ke miƙa wa juna magana. Wanda ya yi sharhin Narambaɗa ya tsaya ga daɗin kotso, bai taɓa kalma ɗaya ba, za a ce bai fara ba.

Kundin Funeral for Justice waƙoƙi tara ne, kuma kusan duk maganar da ke cikinsa da Tamashek aka yi ta. Masu sharhin Turai da Amurka sun dogara ne ga fassara da bayanin da aka raba tare da kundin. Wannan ba abin kunya ba ne, amma yana da sakamako. Fassara tana kawo jigo, ta bar salo a baya. Shi ya sa sharhunan suka yi kama da juna idan sun zo kan ma'ana: waƙar farko tana kiran shugabannin Afirka, "Oh France" tana tuhumar Faransa, "Modern Slaves" tana kukan zalunci. Duka gaskiya ne, amma taƙaitawa ce irin ta kanun labarai. Tambayoyin da matarki zai yi wa kowane mawaƙi, ko kalmominsa sabbi ne ko gama-gari, ko ya yi habaici ko ya fito fili, ko ya ɗauko daga tsohuwar waƙar Abzinawa ko ya kauce mata, ba a yi su ba, domin babu kayan aikin yin su.

Abin ya fi ciwo a kan "Imouhar". Wannan waƙa kira ce ga Abzinawa su riƙe harshensu da rubutunsu na Tifinag kafin su suɓuce. Tsarinta ma yana faɗin haka: tana farawa a hankali, da amo siriri kamar na tsohon kaset, sannan ta fashe da ƙarfi. An yaba wannan fashewa ƙwarai. Amma a duba lamarin da kyau: mutum yana kukan harshensa na mutuwa, masu sauraro suna jinjina masa da wani harshe, suna cewa kukan ya yi daɗi. Yabon da kansa ya zama shaidar abin da waƙar ke tsoro.

Tuntuɓe na Uku: Waƙa a Inuwar Labari

Ranar 26 ga Yuli, 2023, sojoji suka kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum. A lokacin ƙungiyar tana rangadi a Amurka, aka rufe iyakoki, 'yan Nijar ukun suka kasa komawa gida na wani lokaci. Kafin ƙarshen Disamba na wannan shekara sojojin Faransa sun fice daga ƙasar. Da kundin ya fito bayan 'yan watanni, ɗauke da waƙa mai sunan Faransa, sai ya zo wa 'yan jarida daidai wuya. Aka karanta shi kamar sharhi a kan juyin mulki, ko kamar duba da ya tabbata.

Gaskiyar magana ita ce an naɗe kundin kafin juyin mulkin. Fushin da ke cikinsa ya girmi 2023 da shekaru masu yawa. Tun farkon shekarun 1970 aka yi ta haƙar yuraniyom a Arlit ana kai wa tashoshin lantarkin Faransa, yayin da mafi yawan mutanen Nijar ke kwana cikin duhu, ɗan abin da ake samu ma kaso mai yawa daga Nijeriya ake jawo shi. Afrique Victime ta riga ta faɗi wannan a 2021. Mawaƙin kuma ya bayyana cewa bai goyi bayan juyin mulki ba, ko da yake bai taɓa son zaman Faransa a ƙasarsa ba. Wannan matsayi mai fuska biyu shi ne na mutane da yawa a Sahel, kuma shi ne ya fi wuyar shiga sharhi mai sakin layi biyar. Idan aka ɗaure waƙa a jikin labarin mako, ranar da labarin ya tsufa sai a ɗauka ita ma ta tsufa.

Abin da Yabo Ya Rufe

Akwai wani nau'in raini da ke zuwa cikin rigar girmamawa, shi ne a ƙi kushe mutum saboda ana ganin daga nesa ya zo. Idan tsohuwar ƙungiyar rok ta Ingila ta fitar da sabon kundi, ana tambaya ko ta maimaita kanta, ko wace waƙa ce ciko. Mdou Moctar ya cancanci irin wannan tambaya, kuma kundin yana da wuraren da za a taɓa. A waƙoƙi masu zafi murya kan nutse ƙarƙashin jita da ganguna, ta yadda ko mai jin Tamashek sai ya kasa kunne sosai. Ga kundin da ya ɗora nauyinsa a kan saƙo, wannan rauni ne. Haka kuma dabarar farawa a sanyaye a ƙare da guguwa, idan ta dawo sau da yawa cikin zama ɗaya, mai sauraro kan fara hango ta tun daga nesa. Shi ya sa "Takoba", wadda ta fi natsuwa, take da daraja a tsakiyar kundin: tana ba kunne wurin hutawa, tana kuma nuna cewa ƙungiyar ta iya riƙe kanta.

Hujja mafi ƙarfi daga ƙungiyar ta fito. A zaman jiran da juyin mulki ya tilasta musu, sun shiga ɗakin naɗi a Niyok suka sake yin waƙoƙin da jita marar lantarki, aka fitar da su a Fabrairun 2025 da sunan Tears of Injustice. A nan murya ta fito sarari, amshi ya samu fili, abin da aka ji kamar tsawa ya koma makoki. Wanda ya saurari kundayen biyu a jere zai gane cewa ƙarar da aka fi yabawa riga ce ɗaya daga cikin rigunan waƙar, kuma jikin yana nan ko an tuɓe ta.

Namu Kason

Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Mai sharhi a Landan yana da uzurin nisa. Mu fa? Kalmar takoba da ke kan waƙa ta uku ita ce takobinmu. Kundin farko na wannan mawaƙi a ƙasar Hausa aka haife shi, da salon waƙoƙinmu. Ayarin gishiri ya haɗa Abzin da Kano shekaru aru-aru. Duk da haka yawancinmu ta hanyar fassarar Turanci muke sanin abin da maƙwabcinmu ke faɗa, kuma nazarinmu na waƙa bai cika leƙa wannan kiɗa ba.

Akwai abin da ya fi wannan nauyi. Idan Ba'abzine ya yi kukan harshensa, ba Faransanci kaɗai ke matsa masa ba. Hausa ce harshen kasuwa da titi a Agadas. Da Heinrich Barth ya isa garin a 1850 ya tarar ana magana da wani harshe dangin Songhai, wanda yau ya ɓace, Hausa ta zauna a gurbinsa. A 2025 kuma hukumomin Nijar suka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Muna da dalilin farin ciki da wannan, amma mun saba ganin kanmu a matsayin waɗanda Turanci da Faransanci suka danne, har ba mu lura cewa a wani wurin mu ne babbar bishiyar da ke hana ƙananan tsiro samun rana. Bahaushen da ya saurari "Imouhar" da gaskiya zai ji cewa wani ɓangaren maganar da shi ake.

Kammalawa

Karɓar da aka yi wa Funeral for Justice ta amfani mawaƙin, ta kai sunan Nijar inda bai saba zuwa ba, kuma ba a yi ƙarya a cikinta ba. Gajartarta ita ce ta auna shi da ma'aunin wasu, ta ɗauki jigo ta bar harshe, ta kuma jingina shi da labarin da ya zo bayansa. Cike wannan giɓi aiki ne na waɗanda ke kusa: ɗalibin Yamai ko Damagaram ko Sakkwato da ya tashi da Hausa da Tamashek a baki ɗaya, wanda zai iya zama ya rubuta waƙoƙin, ya fassara su kai tsaye zuwa Hausa, ya faɗi inda mawaƙin ya yi gwaninta da inda ya yi sakaci. Irin waɗannan ɗalibai suna nan a jami'o'inmu, kuma sassan nazarin harsuna suna da ikon ba su wannan aiki. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, kuma kafin a yanke mata hukunci ya kamata a fara jin abin da bakin ya ce.