Sharhi a Kan Wasan Kiɗan Nan na Japan Mai Suna Rhythm Tengoku

Wasannin na'ura waɗanda a ke kira na kiɗa sun fara bunƙasa a ƙasar Japan ne tun wajen ƙarshen ƙarnin da ya wuce. A cikin 1996 aka fitar da PaRappa the Rapper, a 1998 kuma kamfanin Konami ya fito da Dance Dance Revolution, wanda a ke taka shi da ƙafa. Galibinsu hanyarsu ɗaya ce. A kan jero waɗansu alamomi su riƙa gangarowa a fuskar allo, in alama ta iso kan wani layi sai mai wasa ya danna maɓalli. Duk wanda ya lura zai ga aikin ido ya fi yawa a ciki, har kurma ma ya iya cin rabo mai kyau in ganinsa da kaifi. Wasan da mu ke so mu duba a wannan takarda ya bar wannan hanya da gangan, dalili ke nan da mu ka ga ya cancanci masu nazarin waƙa da karinta su tsaya a kansa.

Asalinsa daga wani mawaƙi ne, mai shirya waƙoƙi kuma, wanda a ke yi wa laƙabi da Tsunku, shi ne ya daɗe ya na tsara wa ƙungiyar 'yan matan nan ta Morning Musume waƙoƙinta. A cikin 2004 ya kai wa kamfanin Nintendo shawarar a yi wasan da mutum zai bi kari da kunnensa da jikinsa. Da aka karɓa, ya ba da shawara ma'aikatan su je su koyi rawa, suka kuwa je. Wasan ya fito a watan Agusta na 2006 a kan na'urar hannu ta Game Boy Advance, a Japan kaɗai. Ma'anar sunan ita ce aljannar kari. Na biyu ya fito a kan Nintendo DS a 2008, na uku a kan Wii, wadda a ke jonawa da talabijin a gida, a 2011, na huɗu kuma a kan Nintendo 3DS a 2015. Mutanen Amurka sun san shi da Rhythm Heaven, na Turai da Rhythm Paradise.

Ga yadda tsarinsa ya ke. Ƙananan wasanni ne da yawa, ko wanne bai fi minti ɗaya ko biyu ba, ko wanne da kiɗansa da ɗan labarinsa na ban dariya. A wani, ɗan karate ne a ke jefa wa tukwanen furanni da duwatsu. Za ka ji ƙarar jifa, bayan bugu ɗaya cif sai ka kai naushi. A wani, gashi ne ke tsirowa a fuskar albasa bisa wani kari, kai kuwa ka bi da hantsaki ka tsige shi bisa wannan karin ba daɗi ba ragi. A wani kuma uku ne a jere, biyu su tafa ɗaya bayan ɗaya, na ukun, watau kai, ya cika da tazarar da suka bari. Babu layi, babu alama mai gangarowa. In mun duba da kyau, duk abu ɗaya ne a ke jujjuyawa: a ba da, ka karɓa. Wanda ya taɓa sauraren makaɗi da 'yan amshinsa ba sai an yi masa dogon bayani ba, gama ya san ɗan amshi ba ya jiran a nuna masa da hannu, ƙarshen ɗiyan waƙa shi ke gaya masa inda zai shigo.

Inda gwanintar masu wasan ta fi bayyana shi ne yadda su ke yaye mutum daga dogara ga ido. Da fari su kan bar ka ka ga kome sarai. Sa'ad da ka saki jiki, sai su fara cutar idon. A wasan Air Rally na Wii, kyanwa da kare ne ke buga wa juna ƙwallo su na cikin jiragen sama. Can tsakiya gajimare ya rufe abokin wasanka, kiɗa kuwa bai tsaya ba. A Samurai Slice shafukan labari ne ke bi su rufe filin daga. Wanda ya ke kallo sai ya ruɗe nan take, wanda ya riga ya kama karin kuwa ko a jikinsa. Wannan koyarwa ce ta ainihi, an kuwa yi ta ba tare da an ɗora wa mutum darasi ko guda ba. Haka kuma horon da a ke yi wa mai kuskure. A wasan Glee Club na DS yara uku ne ke rera waƙa gaban malaminsu. In ka buɗe baki ba a kan lokaci ba, sauran biyun su juyo su harare ka. Hararar nan ta fi ragin maki zafi, don kunyar ɓata wa jama'a kiɗa ita ce ainihin tsoron duk wanda ya taɓa shiga sahun masu amshi.

A ganinmu Lockstep, shi ma na DS, ya fi sauran duka. Ana taka rawa ne a kan ko wane bugu, sai murya ta ba da sanarwa, taron duka ya koma takawa a tsakanin bugu da bugu, daga baya a sake komowa. Mai karatu ya tuna da mata biyu su na lugude a turmi ɗaya, taɓaryar wannan ta sauka sa'ad da ta waccan ke sama. To, a nan an ce maka ka bar taɓaryarka ka karɓi ta ƙawarka ba tare da dakan ya tsaya ba. Kiɗan na nan yadda ya ke, mazaunin mutum a cikinsa ne ya sāke. Da wuya a sami wata hanya da ta fi wannan gajarta wajen nuna wa ɗalibi cewa kari abu ne da a ke riƙewa a zuci.

Bayan 'yan wasanni kuma a kan haɗa su wuri guda cikin waƙa sabuwa, a riƙa tsalle daga wannan zuwa wancan ba sanarwa, a sauya musu tufafi ma. Nan ne a ke gane wanda ya haddace hoto da wanda ya ji kiɗa.

Amma fa akwai abin faɗi. Hukuncin da a ke yankewa a ƙarshen ko wane wasa mataki uku ne: ka sake, ko ka yi daidai gwargwado, ko ka yi zarra a ba ka lambar yabo. A wasanni ukun farko ba a nuna wa mutum ko gaggawa ya ke yi ko jinkiri, sai 'yar magana guda a kan sashen da ya gaza. Malamin da zai ce wa almajiri ya yi kuskure, ya ƙi gaya masa ta wane gefe, ya rage wa kansa amfani. Na DS kuma ya na da tasa matsala, domin da ɗan alƙalami a ke yin sa, a taɓa allo ko a fizga sama. Taɓawa ta na da lokaci ƙayyadadde, fizga kuwa tafiya ce mai farko da ƙarshe, sau da yawa mutum ya kan ji ya yi daidai na'ura ta ƙi yarda. Da aka zo na Wii sai aka koma ga maɓallai biyu kacal, ko da ya ke abin da na'urar ta yi suna da shi shi ne kaɗa hannu a iska. Wannan shawara ce mai kyau.

Na 2015 ya gyara aibin farko, ya na nuna wa mai wasa a allon ƙasa ko ya riga bugu ko ya makara. Sai dai ya kawo dogon labari da surutu tsakanin wasa da wasa, ya kuma sa waɗansu sassauƙan juyi na tsofaffin wasanni a gaba, har mutum ya daɗe bai kai ga tsokar ba. Ya tara wasanni fiye da 100, mafi yawansu na dā ne. A wannan shekara ce kuma Tsunku ya sanar da jama'a cewa an cire masa igiyoyin murya saboda ciwon daji na maƙogwaro. Sai a cikin 2025 aka yi shelar sabon wasa, Rhythm Heaven Groove, don na'urar Switch.

Saura batun fassara, wanda ya fi kusa da aikin wannan sashe. Da yawa daga sanarwar da mai wasa ke bi murya ce, ba ganga ba. Harshen Japananci kuwa ya na auna kalma da ƙananan gaɓoɓi masu tsawo kusan ɗaya, Ingilishi ya na aunawa da inda aka danna murya. Mai fassara waƙar wasan nan an ɗaure shi da igiyar da ta fi ta mai fassara waƙar littafi tsauri, gama in gaɓar da a ke jira ta kauce daga kan bugu ko da kaɗan, mai wasa zai fāɗi ba da laifinsa ba. Na DS an rera waƙoƙinsa da harsunan Turai da dama. Na Wii da aka sayar a Turai a 2012 kuwa an bar wa mutum zaɓi tsakanin muryoyin Ingilishi da na Japananci, abin da ya nuna masu shi sun san mutane da yawa sun fi son na asali ko da ba su jin abin da a ke faɗa. Hausa ta na bambanta gaɓa mai nauyi da marar nauyi, a kan wannan ne ma aka gina karin rubutacciyar waƙa, saboda haka ta wannan fuska ta fi kusa da Japananci bisa ga Ingilishi. Ɗalibin da ke neman aikin gwaji ya iya ɗaukar wasa guda, ya ƙirga gaɓoɓin sanarwarsa bisa bugu, ya nemo kalmomin Hausa da za su zauna a gurbinsu ba tare da an ja wasali gajere ko an datse dogo ba, sa'an nan ya ba wani ya buga da ido a rufe.