Labarin Dorugu: ɗan Damagaram a birnin Landan

Yau za mu duba wani tsohon labari na Hausa, mu auna shi. Sunan littafin Magana Hausa, an buga shi a Landan a shekarar 1885. A cikinsa akwai labarin Dorugu, yaron ƙauyen Dambanas na ƙasar Damagaram.

Mayaƙa suka kama Dorugu yana ƙarami, aka sayar da shi bawa. A Kukawa ta Barno wani Bajamushe, Overweg, ya ƴanta shi. Da Overweg ya mutu a 1852, yaron ya koma hannun Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarim. Tare suka bi ta Damagaram, Katsina, Sakkwato da Sayi har Tumbutu. A 1855 suka ƙetare hamada zuwa Turabulus, suka shiga jirgin ruwa zuwa Marsai, suka ratsa Faransa ta Pari, suka isa Landan cikin watan Satumba. Tare da su akwai wani yaro, Abbega.

Abin da ya fi daɗi a labarin shi ne idon mai ba da shi. Mun saba Bature ya zo garinmu, ya duba tuwonmu da bukkokinmu, ya koma gida ya rubuta. Nan kuwa ɗan talaka ne na ƙasarmu ya je ya duba Turawa. Dubi inda yake bayanin cin abincin Ingilishi: maza da mata a tebur ɗaya, da wuƙa da cokali mai yatsu, a ɗauke wannan kwano a kawo wancan. Bai zage su ba, bai kuma raina kansa ba. Abin da ya gani ya faɗa, kamar mai ba ƴan gida labari da dare. Hausarsa gajera ce, mai sauƙi, irin ta bakin kasuwa.

To, amma akwai inda labarin ya gaza. Na farko, sauri. Sau da yawa gari na bin gari, an tashi nan, an sauka can, mai karatu bai huta ba. Yaron da bai kai shekara ashirin ba, wanda aka raba da uwa da uba, ya sauka a birnin da ya fi kowane birni na duniya jama'a a zamanin. Muna son mu ji abin da ke zuciyarsa ranar nan, amma kaɗan ya ba mu. Ido ya yi aiki, zuciya ta yi kawaici.

Na biyu, ba Dorugu ya riƙe alƙalami ba. Shi ya faɗa da baki, wani fasto Bajamushe, Schön, ya rubuta. Bukatar Schön ita ce ya koyi Hausa don ya juya Linjila. Yaro kuwa yana zaune gidan mutum, yana cin abincinsa. Wanda ke cin tuwonka ba ya faɗa maka duk abin da ya gani a gidanka. Saboda haka mu karanta da lura.

Na uku, rubutun. Schön bai raba k da ƙ ba, bai raba d da ɗ ba, haka b da ɓ. Kun san bambancin kafa da ƙafa. Sabon mai karatu zai yi tuntuɓe. A 1971 Kirk-Greene da Paul Newman sun fitar da labarin da Ingilishi, amma manomi bai amfana da wannan ba. Ya kamata a buga shi da baƙaƙenmu na yanzu, manya-manya, a kai shi wuraren yaƙi da jahilci.

Dorugu ya komo Afirka a 1864. Daga baya ya koyar da boko a makarantar Ɗan Hausa a Kano, can ya rasu a 1912. Wanda aka rubuta wa jiya, shi ya koya wa wasu rubutu.

Ku da kuke zuwa cin rani Kano, Legas ko Abijan, kun ga abubuwa da yawa. Da kun komo, ku ɗauki alƙalami ku rubuta da hannunku, abin da ido ya gani da abin da zuciya ta ji. Kada ku bari wani ya zaɓa muku abin da za ku faɗa.