Gaba da Gabanta: Ma'aunin Masu Sihiri a Wasannin Kwamfuta

Tun daga 1974, shekarar da Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da wasan Dungeons & Dragons a Amurka, masu tsara wasannin almara ke fama da tambaya guda: yaya za a raba iko tsakanin masu sihiri ba tare da ɗaya ya danne sauran ba? Wasannin kwamfuta sun gaji wannan tambaya. Baldur's Gate 3, wanda kamfanin Larian na ƙasar Beljiyam ya fitar a 2023, ya isa misali.

A cikinsa akwai mai koyon sihiri daga littafi, da wanda aka haifa da shi a jini, da wanda ya ƙulla alkawari da wani iska. Na farko yana da asirai masu yawa, amma idan ya kashe su, ƙarfinsa ba ya komowa cikakke sai ya kwana. Na ukun an taƙaita shi ga manyan asirai biyu har mataki na 10, sai dai ɗan hutu ya ishe shi ya sabunta su. A lissafi, ma'aunin ya daidaita. A cikin wasa kuwa ya karkata, domin kwana ba ya cin komai sai guzuri, guzurin kuma ga shi birjik. Ƙangin da aka ɗora wa mai littafi ya zama na jeka-na-yi-ka.

Inda wasan ya yi nasara shi ne labarin Wyll. Ya karɓi iko daga shaiɗaniya Mizora; idan ya ƙi kashe wadda aka umarce shi ya kashe, sai a tsiro masa da ƙahoni. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Nan ne ikon ya sami farashi da ɗan wasa zai ji a jikinsa.

Wannan hikima tsohuwa ce a ƙasar Tsotsebaki. Labaran da ake bayarwa a Magarya da Dungas da Waca sun san rabon nan uku: malamin tsibbu da kundinsa, maye da ƙanƙarar da ya gada, ɗan bori da iskan da ke kansa. Babu ɗayansu da aka sake wa linzami. Iska na neman dabba mai launin da ya zaɓa. Mayen da aka gano, tilasta masa ake yi ya tsallake wanda ya kama. Ɗan tauri da wuƙa ba ta ci, an ce sillen kara yana yanka shi. Kowane asiri da sharaɗinsa, kowane laƙani da makarinsa. Ba a daidaita su da yawan ɓarnar da za su iya ba, an daidaita su da abin da kowa zai rasa.

A nan aikin malaman makaranta da ƙungiyoyin al'adu yake. Yaro mai ba da labari yakan riƙe abin mamaki ya yar da sharaɗi, alhali tarbiyyar tana cikin sharaɗin. Mai tattara tatsuniya ya tambayi tsohuwa abin da ke karya layar zana, ya rubuta amsar. Ranar da wani ɗan Damagaram zai tsara wasa da harshen Hausa, wannan amsa ce jarinsa. Gaba da gabanta, aljani ya taka wuta.