Birnin Aljanu a Bisa Itace

A cikin 1954 wani malamin Jami'ar Okisfod, Tolkien, ya fitar da kashin farko na littafinsa The Lord of the Rings. A ciki ya ƙago wani birni a dajin Lotloriyan, na waɗansu halittu masu kama da aljanu, waɗanda ba su tsufa. Gidajensu a bisa manyan itatuwa suke, sai da tsani ake hawa.

Abin da ya sa birnin nan ya zauna mana a zuciya, marubucin ya san itacensa. Ya gaya mana ganyen yakan koma kamar zinariya da kaka, ba ya kuwa zuba sai sabon toho ya fito. Amma muna da ƙorafi guda: mutanen birnin sun cika natsuwa, ba wawa, ba mai ban dariya. A nan Ruwan Bagaja na 1934 ya fi shi. Ko da yake Alhaji ya kai ƙasar aljanu, Malam Zurƙe muka fi tunawa, don ɗan Adam ne irinmu.

To, yara, ga dajin Falgore kusa da mu, ga duwatsun Riruwai. Kakanninmu sun ce aljanu kan zauna a tsamiya da kuka, 'yan bori kuma sun ce Jangare ne birnin iskoki. Masu gatari suna cin dajin, tsofaffi masu tatsuniya suna ƙarewa. Ku tafi gare su da alƙalami tun da sauran rana, ku kuma koyi sunan kowane itace kafin ku ɗora masa gari.