A Bar wa Mulufi Launinsa

Samarin Funtua da Malumfashi sun fara juya kyamarar waya daga fuskokinsu zuwa bishiyoyi, kuma abin ya yi mini daɗi ƙwarai. Yanzu sai ka ga yaro ya ajiye kaskon ruwa a gindin bedi, ya watsa ɗan tsaki, ya laɓe yana jiran kurciya da baiwar Allah su sauko. A da, danƙo ne a hannun irin wannan yaro. Wanda ya iya tsugunawa rabin awa don kada ya firgita tsuntsu, da wuya gobe ya harbe shi.

Inda nake da magana shi ne bayan an ɗauki hoton, lokacin da aka kai shi manhajar gyaran hoto irin Snapseed ko Remini.

Duk wanda ya yi noman dawa a ƙasar nan ya san mulufi. Namijin yana sa ja da baƙi ne a damina kawai, ya hau kan ciyawar fadama ya kumbura wuya yana neman mata. Da an yi girbi sai ya zubar da wannan ado, ya koma ruwan ƙasa mai zane-zane, har ba ka bambanta shi da macen. To, mai gyaran hoto ya ɗauko shi a watan Janairu, ya ga bai yi kyau ba, ya danna masa ja, ya shimfiɗa masa kore a baya. Hoton ya samu yabo, amma ya nuna abin da babu shi a gonar kowa. Haka ake yi wa macen baiwar Allah: a yi ta ƙara wa launi ƙarfi har ta koma ja kamar namiji.

Na Remini ya fi damuna. Idan ka jawo tsuntsu daga nesa da ƙaramar waya, hoton dishi-dishi yake fitowa. Manhajar ba ta da hanyar gano abin da kyamara ba ta kama ba, sai ta cike gurbin da hasashe daga hotunan da aka horar da ita da su. Ƙwayar idon nan mai sheƙi da gashin nan da ya fito ɗaya bayan ɗaya, ba na tsuntsun da ya sauka a lambunka ba ne.

Ban ce a daina gyara ba. Hazon hunturu yana kashe launi, inuwar mangwaro tana duhunta hoto, wayar ma kanta tana yin nata gyaran kafin ta nuna maka. A ƙara haske, a rage gefe, a daidaita karkata. Ma'aunin dai shi ne a mayar da hoton zuwa abin da idonka ya gani.

Sai batun goge bango. Ana cire wayar lantarki, rufin kwano da leda, don hoton ya yi kama da na mujallun Turai. Amma tsuntsun garinmu a cikin waɗannan yake rayuwa. Shamuwa tsakiyar mutane take zuwa ta yi sheƙa idan damina ta gabato, daga baya ta wuce gabashi da kudancin Afirka. Hotonta a kan tsamiyar unguwa, da kwanan wata a jikinsa, ya gaya mana lokacin da ta iso bana. Idan ka goge unguwar, ka goge rabin labarin.

Kuma akwai masu bukatar labarin. Tun 2015 cibiyar nazarin tsuntsaye ta APLORI da ke kusa da Jos take tattara bayanan inda kowane tsuntsu yake a Najeriya, kuma 'yan sa kai ne ke kawo su. Idan mutum ya ce ya ga baƙon tsuntsu a dam ɗin Mairuwa, hoto ne shaidarsa. Hoton da aka sauya wa launi ba ya zama shaida.

Mu tuna ungulu. Iyayenmu sun san ta cike a kowace mahauta, ba wanda ya damu ya ɗauke ta hoto saboda yawanta. A 2015 ƙungiyar IUCN ta sa ta cikin halittun da ke dab da ƙarewa, kuma yau yara da yawa a nan ba su taɓa ganinta ba. Kanarin da ake kamawa ana sawa a keji, wa ya san yawan da zai rage nan gaba?

Don haka roƙona ga ƙannena masu wannan sha'awa: ku ajiye hoton asali kafin ku taɓa shi, ku rubuta gari da rana, kuma idan kun yi kwalliya ku faɗa. In za ku tura wa masu bincike ta WhatsApp, ku tura shi a matsayin fayil, domin turawar da aka saba tana rage ingancin hoton, tana kuma share kwanan watan da waya ta ajiye a cikinsa.